Kawu Tashi-Mu-Je da Yarinyar Riƙo

Kawuna mai fenti ne, ƙanen mahaifiyata. A dangi ba mai kiransa da sunansa sai Tashi-Mu-Je, saboda ba ya iya zama. In ya zo gaishe ka, a tsaye yake shan shayi. Cikin shekara ashirin da biyu da aure ya sauya gidan haya sau goma sha ɗaya. Wani gidan ya ce matakalarsa ta yi yawa, wani ya ce maƙwabcin yana da tari, wani kuma ya tashi ne kawai da safe ya ji bango yana matse shi. Matarsa, wadda muke ce wa Anti, ta daina zubar da kwalaye. Ninke su take ta tura bayan kabad.

Allah bai ba su haihuwa ba, kuma tun ina ƙarama suka daina zancen. Anti tana aiki a ɗakin wanki na wani asibiti. Wata rana ta hau kwashe zannuwan gado, ta ga wata yarinya zaune a ƙofar ɗakin mata. Kwana uku tana ganinta a wurin. An kwantar da uwar, ba kuma wanda ya zo. Rana ta huɗu babu yarinyar. Nas ta gaya mata cewa ofishin kula da yara ne ya ɗauke ta, kuma ofishin yana neman gidajen da za su riƙe irin waɗannan yara har iyayensu su miƙe.

Da Anti ta kawo maganar gida, Kawu ya ce to tun ba ta rufe baki ba, ya ɗauki takalmi. Sai da ta tuna masa ranar ba a buɗe ofis.

Ni na raka su ranar cike takarda, don Kawu ba ya ganin ƙananan rubutu. Jami'ar da ta karɓe mu doguwar mace ce mai magana a hankali. Takardar ta nemi adireshin gidajen da suka zauna cikin shekara goma, ta bar layi huɗu. Kawu ya nemi ƙarin takarda.

Jami'ar ta karanta jerin har ƙasa, ta cire tabarau.

"Malam, yaran da muke kawowa sun gaji da ɗagawa. In ka karɓi yaro, ba ƙaura sai da saninmu, kuma gara a ce ba a yi ba."

"Har tsawon yaushe?"

"Wataƙila wata uku, wataƙila shekara biyu. Mu ma ba mu sani ba."

Gwiwar Kawu tana ta rawa a ƙarƙashin tebur. Anti ta ɗora hannu a kai ta danne.

"Zai zauna," in ji ta.

Wata bakwai aka yi ana abu ɗaya: gwajin lafiya, darussa ranar Asabar, zuwa duba gida. Aka sa shi ya gyara soket, ya sa wa kabad ɗin magani kwaɗo, ya sa ƙarfe a taga. Yarinyar da Anti ta gani tuni aka kai ta wani gida. Da aka amince da su kuma sai waya ta yi shiru. Kawu ya yi wa ƙaramin ɗakin fenti shuɗi. Bayan sati biyu ya ce ya yi duhu, ya mai da shi rawaya, daga nan ya koma fari.

"In ka ƙara shafi ɗaya," in ji Anti, "gadon ba zai shiga ba."

Yana kan tsani a wurin aiki, da tsakar rana, aka kira shi daga ofishin. Yarinya ce 'yar shekara takwas. Ubanta ya rasu, uwar tana jinyar huhu, kuma gida biyu ta zauna kafin nasu. Ta zo da jakar makaranta ɗaya a baya. Anti ta raɗa mata Auta.

Auta ba ta kuka, ba ta ɓarna, sai dai ita ma ba ta zama. Daga ƙofa zuwa taga, daga taga zuwa ƙofa. Kowace safiya kafin ta wanke fuska sai ta tambayi Anti, "Yau ne za a zo ɗaukata?" Anti ta rasa yadda za ta yi da ita. Kawu ne ya gane ciwon. Ya fara kai ta makaranta a ƙafa, su biyu suna sauri kamar an biyo su. In an tashi sai su zaga ta wani titin, yana nuna mata gine-ginen da ya yi wa fenti, tana gaya masa wanda ya yi muni. A haka ta fara magana.

A wata na biyar aka buɗe shagon walda a ƙasan benensu. Tun safe ake dukan ƙarfe. Wannan karon Kawu yana da dalili na gaske, ya kuwa samo wani gida mai baranda. Bai gaya wa kowa ba. Ya dawo aiki da wuri ya jawo kwalayen nan, wai duba su kawai zai yi ko sun lalace. Ranar Anti ce ta ɗauko Auta. Yarinyar ta shigo, ta ga kwalaye baje a falo, ta shige ɗaki. Anti ta tsaya yi wa Kawu faɗa a kicin. Da suka fito, ƙofa a buɗe take, babu Auta.

Awa biyu suna nema. Kawu ya je makaranta da gudu, ya leƙa shago-shago, ya kira ni a waya. A wurin tsayawar bas ya same ta, can ƙarshen layi, zaune a kan benci da jakarta a cinya.

"Ina za ki?"

"Ba ko'ina. Jira nake." Ba ta dube shi ba. "Na san kwalaye. In aka fito da su, ni ake fara fitarwa. Shi ne na fito da kaina."

Kawu ya zauna kusa da ita. Bas uku suka wuce.

"Ba zan ɓoye miki ba, Auta, ƙafata ƙaiƙayi take yi, tun kafin a haife ki. Amma muddin kina gidan nan, ba inda za ni. Tashi mu koma, Antinki ta kusa suma."

Da kansa ya kira jami'ar ya faɗa mata abin da ya faru. Washegari ta zo, ta rubuta komai, ta ce saura kaɗan ta ɗauke yarinyar. Kawu ya sha faɗa kansa a ƙasa. Kwalayen kuwa ya kai wa mai shagon kusa da su.

Ba zan ce ya warke ba. Sau shida ya sauya wa kujerun falo wuri a shekarar. Ya yi rigima da mai walda har sau biyu, daga baya suka zama abokan hira. Akwai ranakun da zai tsaya a taga yana kallon motocin kwasar kaya, Anti ta miƙa masa tsintsiya.

Bayan shekara ɗaya da wata huɗu uwar Auta ta samu sauƙi. Aka fara da ziyarar yini, aka koma kwana biyu-biyu, sannan aka sa ranar da Auta za ta koma wurinta. Matar ta zo a rame, tana jin nauyinsu. Ta tambayi abin da 'yarta take so da abin da take tsoro yanzu. Kawu ya yi rabin awa yana bayani, har da lambar takalminta. Auta ta rungume Anti, shi kuma ta ba shi hannu kamar babba. Bai sauka rakiya ba, ya ce akwai famfon da zai duba.

Sati uku bayan nan jami'ar ta sake kira. Wasu yara biyu ne, wa da ƙanwa, kuma ba a son raba su. Kawu ya dubi Anti, ta gyaɗa kai. Kafin la'asar ya sayo gado mai hawa biyu, gadon ya ƙi bin matakala. Sai da mai walda ya zo da sifana suka kwance shi a tsakar titi, suka hau da shi guntu-guntu.