Gayyar da Ba a Zo ba

Ni mutum ne mai yawan fargaba, kowa a Fassi ya san ni da haka. Ko akuya ce ta yi tari sai na je na duba ta. To shekarar da muryar babban ɗana ta yi kauri, na ga abin da ya fi tarin akuya. Yau ya tashi yana dariya har da goya ƙannensa, gobe ka yi masa magana ya ƙura wa ƙasa ido kamar ka zage shi. Ga shi ɗan fari, ko sunansa ba na kira, balle in zaunar da shi in tambayi abin da ke cin ransa.

Sai labari ya iso ni cewa wani direba mai kai albasa Kano daga Rano ya ce zai ɗauke shi yaron mota. Abinci ya daina yi mini daɗi. Na san hanyar nan, na kuma san yaran da suka bi ta ba su sake kwana a gida ba sai da salla.

Na kai wa mahaifiyata kuka. Ta ce yaron da ya fi ni tsawo ba a tsare shi da faɗa, in yankar masa gayauna. Na yanka masa gefen gandunmu, bayan bishiyar kuka: da safe ya yi aikin gida tare da mu, da yamma ya yi nasa, abin da ya fito kuma nasa ne. Inna ta ja mini kunne a gabansa.

"Kai kuma na san halinka. Ranar da fartanyarka ta taɓa wurin nan, ya zama naka."

Ya shuka gyaɗa da ɗoki, ta kuwa fito da kyau. Daga nan ɗokin ya kwanta. Yamma na yi sai ya nufi tasha wajen direbobi, ciyawa kuma ba ta jira shi ba. Kullum sai na ƙirƙiro dalilin bi ta bayan kuka, in tsaya, in ga harkiya tana shaƙe gyaɗar, in dawo bakina a rufe.

Da ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya ce zai kira gayya. Uwarsa ta dama fura cike da ƙwarya, ta tuƙa tuwo, shi kuma ya bi gida-gida ya sanar da sa'anninsa. Ni na san inda matsalar take. Tun farkon damina samarin nan suke kiran juna gayya, shi kuwa ko ɗaya bai je ba, yana tasha. A garinmu wanda bai sunkuya a gonar wani ba, ba a sunkuya a tasa.

Ranar ta zo, hantsi ya ɗaga, ba kowa sai ɗan maƙwabcinmu Bafillatani da suka taso tare. Su biyu suka yi ta fama har azahar, ko kusurwa ba su gama ba. Aka dawo da tuwon gida kusan yadda aka kai shi. Inna tana zaune a tsakar gida tana ɓarar gyaɗar miya, ta ɗago kai.

"Maigida, ina rundunar taka? Ko duk sun bi motar albasa?"

"Tsohuwa, ki bar ni," in ji shi. Sai ya juyo wajena, idonsa ja. "Baba, ka karɓi gonarka. Motar za ta tashi ranar kasuwar Rano, zan bi ta."

Hannuna har ya kai kan fartanya, don na san in na shiga da ƙannena kafin la'asar mun share ta. Inna ta yi gyaran murya, na saki. Na rasa ta inda zan fara, don ni karatuna bai wuce firamare ba, ban iya doguwar magana ba. Na dai ce masa ba zan karɓa ba, kuma ba zan hana shi tafiya ba. Na ce yaran nan ba ƙinsa suke yi ba, ƙafarsa ce ba su gani ba a gonakinsu. Kuma kunyar yau ta yau ce, kada ya yanke wa rayuwarsa hukunci a ranar da ransa ya ɓaci.

Washegari da yamma na ga ya saɓa fartanya, amma ba bayan kuka ya nufa ba. Gonar dawar Bafillatanin nan ya je. Kashegarinta kuma ya shiga gonar wani yaro da ake yi wa gayya, ba tare da an kira shi ba. An ce sun yi masa tsiya sosai, suna ce masa direba, suna tambayarsa ina ya ajiye motar. Ya haɗiye, ya ci gaba da noma.

Ranar kasuwar Rano na kasa zama wuri ɗaya. Na tsaya a bakin hanya kamar mai jiran baƙo, har motar albasar ta zo ta wuce. Na leƙa bayanta da kyau. Ba ya ciki.

Lokacin maimai, wato noma na biyu, bai kira kowa ba, samarin ne suka zo da kansu, suna waƙa suna zolayarsa, furar ma ba ta isa ba. Gyaɗar ba ta yi yawa ba, don ciyawa ta riga ta ci rabinta. Amma da ya roro ya sheƙe, kwanon farko gaban kakarsa ya dire shi.

"Ga cefane, tsohuwa. Sai ki daina yi mini gori."

Ta juya gyaɗar da yatsa ta ce duk ƙanana ne, amma ta karɓa.

Yanzu shi ke jan gayyar samarin unguwarmu. Ƙaninsa ya kai waɗannan shekarun, ya fara ƙura wa ƙasa ido, ni kuma fargabata ta dawo sabuwa. Kwanan baya na ji babban yana ce masa ya ɗauko fartanya, akwai gayya a Unguwar Gai, in ma fushi yake yi ya je ya yi shi a kan kunya. Na koma ɗaki don kada su ga fuskata.