Kuɗin Ƙafar Baba

Mahaifina tsohon soja ne. Ya baro ƙafarsa ta hagu a wani daji da har yau bai yarda ya faɗa mana sunansa ba, aka sallame shi da ƙafar roba da ɗan kuɗin nakasa da gwamnati ke zuba masa a banki duk wata. Bayan rasuwar innarmu ya zo umara, ni kuma na hana shi komawa. Wa zai dafa masa a can? Ya zauna da mu a Madain Fahd, unguwarmu a nan ƙasa mai tsarki, ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba komai, kamar rabin tsofaffin layinmu.

Kuɗin ba wani abin kirki ba ne in aka mayar da shi riyal, don haka muka bar shi yana taruwa a asusun saboda abu ɗaya, sabuwar ƙafa. Tsohuwar ta tsage daidai inda dungulmin ke shiga, tana cin namansa. Kullum ya dawo daga masallaci sai na ga jini a safarsa. Marar iƙama kuwa ba ya tunkarar asibitin gwamnati, sai wajen masu haɗa ƙafa na kuɗi. Mun je wurin wani a unguwar Aziziyya, ya auna, ya faɗi farashi, ya ce mu kawo rabi ya fara aiki.

Katin banki yana can gida ƙasarmu a hannun Baffa, ƙanin Baba. Na kira shi na ce ya cire ya turo. Yau ya ce ba sabis, gobe ya ce yana wajen jana'iza. Sai a rana ta takwas ya yi ƙasa da murya ya ce an rufe asusun, ofishin haraji ne ya sa banki ya riƙe kuɗin.

"Haraji? Harajin me, Baffa? Mutumin da ko tsinke bai taɓa sayarwa ba?"

Ashe shekarun baya, da Baffa zai buɗe shagon kayan gini, ya je ya durƙusa ya ce Yaya ya ara masa suna, wai in takarda ta nuna mai shago tsohon soja ne ma'aikata ba sa matsawa. Baba ya ara masa kamar mai aron buta. Baffa bai tsaya nan ba, asusun ma da shi yake karɓar kuɗin siminti. Shekara da shekaru bai biya ko sisi na haraji ba, takardun gargaɗi na zuwa yana cusawa a ƙarƙashin kantar shago.

Wallahi ranar ban iya cin abinci ba don takaici. Haushi biyu ne ya haɗe mini. Su na ofis, ba su ga daga inda kuɗin ke shigowa ba? Mutum ya ba ku ƙafa, ku biyo shi ku karɓe abin da kuka ba shi a madadinta? Sannan Baffa, kai, ban ma san abin da zan kira shi ba.

Na nemi wani lauya, mijin ƙawata ta makaranta. Ya ce a saninsa kuɗin nakasa ba abin da ake wawura haka kawai ba ne, amma an cakuɗa shi da kuɗin shago, banki ba zai zauna yana tsince wannan na ƙafa, wannan na siminti ba. Mafita ɗaya ce. Baba ya sa hannu a takardar rantsuwa cewa shagon ba nasa ba ne, na ƙaninsa ne, mu aika. Sai su sakar masa mara su koma kan mai shi.

Na buga takardar a shagon kwafi, na kawo da biro na ajiye a gaban Baba. Ya sa tabarau ya karanta har ƙarshe.

"In na sa hannu, me za su yi masa?"

"Abin da ya dace da shi, Baba."

"Ni na goya yaron nan a bayana. Yanzu ki ce in miƙa shi ga hukuma da hannuna?"

"Yaro? Mai jikoki bakwai? Baba, dubi ƙafarka fa!"

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Ya ninke takardar ya miƙo mini, ya ce halas, an gama, kada in sake tayar da maganar. Na shiga kicin na yi kuka na ƙoshi, ina wanke tukunyar da na riga na wanke.

Kafin azumi ciwon ya ruɓe, ƙafar ta ƙi shiga ko kaɗan. Muka jingine ta a bayan ƙofa.

A goman tsakiya na azumi sai ga Baffa ya zo umara. E, umara! Kuɗin jirgi ya samu. A gidanmu ya sauka, Baba na ta washe baki yana cewa, "Yalla, maza zuba wa baffanki romon shurba." Na zuba. Maganar haraji ko da wasa ba wanda ya yi, ni kuma an riga an ɗaure mini baki.

Ana gobe zai tafi ya fita kasuwar gwanjo, ya dawo da keken guragu na hannu, taya ɗaya na ƙara. Ya ɗora Baba a kai, ya tsaya a bayansa ya riƙe, ya miƙo mini wayarsa.

"'Yata, ɗauke mu."

Na dubi Baba. Ya gyara hularsa ya ce in ɗauka mana. Kafin la'asar hoton ya zagaye dangi, saƙonni na ta shigowa, Allah ya saka wa Baffa da alheri, Allah ya bar zumunci. Baba ya sa na karanta masa su ɗaya bayan ɗaya.

Gidanmu a hawa na uku yake, kuma babu lifta. Tun ranar Baba bai sake sauka ƙasa ba.