Ruwan da ba a zuba ba

Ranar da ba ta barin raina ita ce Talatar da nake tsaye bakin sikeli, direbanmu ya shigo ya cire hula ya ce, "Malam Hamza, Baba Isiyaku ya cika ɗazu a Yalwawa." Na yi salati, na ajiye buhun da ke hannuna. Sai fushi ya riga hawaye zuwa.

Ku da kuka zo daga baya ba ku san shi ba. Shi ne mai kula da sitonmu na ƙungiyar manoma a Kiyawa, ni mataimakinsa. Ƙa'idar aikin ita ce a karɓi masara da kaka, a auna, a jera a kan katako, a fitar da ita da damina lokacin da abinci ya yi wuya.

A shekarar da ya rasu aka kawo mana sabon manaja daga Dutse. Ya ga tsuntsaye na shiga ta ƙananan tagogin sama, ya sa aka toshe su da bulo. Da rani ba abin da ya faru. Da marka ta sauka a Agusta, sito ya fara wari. Muka farke buhu, masara ta yi fumfuna. Aka ɗora a sikeli, sai ga nauyi ya ɗara na ranar karɓa.

"Rufin nan yana yoyo?" in ji manaja.

"Ba ya yi, yallaɓai," in ji Baba Isiyaku.

"To ruwan daga ina? Aljanu ne suka yi alwala a ciki?"

Kowa ya san akwai 'yan kasuwa masu yayyafa wa hatsi ruwa don ya yi nauyi. Da wannan aka zargi dattijon, wai ya ɗebi masara ya cike gurbin da ruwa. Aka dakatar da shi a gaban leburori.

Ga abin da nake so ku riƙe. Iska tana ɗauke da ruwan da ido ba ya gani, shi ake kira laima. Ita ke jiƙa gishiri a kwano da damina, ita ke kumbura ƙyaure ya ƙi rufuwa. Busasshen hatsi yana shan ta. In sito ba shi da mafitar iska, laimar takan taru, kwanon rufi ya yi gumi da asuba ya ɗiga a kan buhuna.

Malamin gonarmu ya san haka sarai, shi ya ƙara fayyace mini. Na ce ya faɗa a gaban kwamitin da aka kafa don bincike. Ya ce, "Hamza, ka san wanda ya toshe tagogin. Ina da iyali." Ranar zama bai zo ba. Ni na yi magana, aka ce yaron Baba ne, me zai ce dama.

Baba Isiyaku ya daina zuwa masallacin unguwa, yana salla a gida don kunya. Ban ce dakatarwar ce ta kashe shi ba, kwana ne ya ƙare. Amma da sunan ɓarawo ya tafi, kuma a cikin masu ɗaukar makararsa akwai waɗanda suka san gaskiya.

A aikin sito, laima ba ta ba ni tsoro kamar mutumin da ya sani ya yi shiru. An ce kwamiti zai sake zama a wanke shi. Har yau bai zauna ba.