Rabin Kitso

Ƙarfe huɗu daidai na la'asar ɗin wata Laraba al'amarin ya fara lalacewa. Na san lokacin ne saboda rediyon babana yana rataye a reshen bishiyar bedin da ke tsakar gidanmu, kuma mai magana ya gama faɗin ƙarfe huɗu ke nan sai Kawu, yayan mahaifiyata, ya yi sallama. Ƴarsa tana biye da shi tana gaigayar tumu.

Shekarata goma sha huɗu a lokacin. Ina kwalej a Magaria, na dawo hutun bakansi ƙauyenmu da ke kusa da Yekuwa. Babban fari bai daɗe da wucewa ba, amma damina ta yi kyau a shekarar, gero ya nuna, an fara wasa lauje. Ni kuwa hankalina ba ya kan gero. Tun cikin sanyi nake shirin tafiya Gidimuni.

Ƙanwar mahaifiyata, wadda muke ce wa Inna Ƙarama, tana aure a can bakin tafki. Da ta zo mana gaisuwa ta zaunar da ni ta ba ni labarin ruwan: bado ya rufe gefensa, dabino da rake sun kewaye shi, agwagin daji suna sauka da yamma kamar an watsa tsaba. Ta ce ko a tsakiyar fari bai ƙafe ba. Ni babban ruwan da na taɓa gani shi ne kududdufin bayan gari inda ake kwaɓa ƙasar gini, sai kuma shuɗin fenti a taswirar da ke bangon ajinmu. Ta ce, "Ki zo farkon kaka, kafin ku koma karatu a lakwal. Lokacin ruwa ya cika ya kwanta."

Hanya ɗaya ce. Tun da fari ya cinye masa garke, Kawu ya kai ragowar shanunsa wajen mijin Inna Ƙarama, kuma kowace farkon kaka yakan je ya duba su. Yakan hau amalanken shanu zuwa Magaria, daga nan ya shiga kamiyo, babbar motar kaya ta wani abokinsa direba. Direban ya yarda Kawu ya zo da yaro ɗaya ya zauna kusa da shi a gaba. Ɗaya, ba biyu ba. Kawu da bakinsa ya ce ni ce, babana kuma ya ce ba laifi in na sauke aikina na damina.

Na sauke shi har da ƙari. Na yi noma na yi maimai, na kula da maruƙa. Duk ranar da na kaɗa nono sai in ɗebi ɗan mai in soya in zuba a kwalba, har ta cika, tsarabar Inna Ƙarama ke nan. Na ɗinke bakin sabon zanena da hannuna, na warware inda ya karkace na sake. Tun kafin a tashi lakwal na bi ƴan ajinmu na Damagaram da tambaya: ina kamiyo ke tsayawa, ina hanya ta fi rami, me ake yi in zuciya ta tashi. Suka ce lemun tsami. Na samo na ƙulle a bakin ɗankwali. Ba wanda na gaya wa yawan yadda nake son tafiyar, don ni ba mai magana ba ce. Ko a aji, in mushe, wato malaminmu, ya yi tambaya na san amsa, sai in jira wani ya faɗa.

Kawu ya zauna a tabarma, aka gaisa, aka sha fura. Sai ya dube ni ya ce, "Ƴar boko, wannan ja'irar ta hana ni sakat, wai ita ma sai ta ga ruwa. Wuri kuwa ɗaya ne. Har yanzu kina so, ko kin bar mata?"

A gidanmu yarinya ba ta cewa "ina so" a gaban manya. Takan sunkuyar da kai, wani babba ya amsa mata. To ni ƴar fari ce. Mahaifiyata ko sunana ba ta faɗa, balle ta nema mini abu a gaban yayanta. Ta ci gaba da tankaɗe kamar ba ta ji ba. Babana ma kunyar ɗan fari ta ɗaure shi, ya miƙe yana murɗa rediyon da ba abin da ya same shi. Mai yi mini magana a duniya ita ce tsohuwa, uwar babana, ita kuwa ta tafi wajen suna a Dogo-Dogo a safiyar ranar. Ƴar Kawu ta ga fitarta a kan jaki, har ta yi mata Allah ya kiyaye hanya. Shi ya sa ta zaɓi la'asar ɗin.

Na sunkuyar da kai ina zana ƙasa da tsinke.

Ƴar Kawu ta ce, "Ka gani, Baba? Ta yi shiru. Dama ina aka taɓa jin baiwa ta tafi shan iska ta bar uwargijiyarta a gida?"

Kowa ya yi dariya, har babana. Taubashiyata ce, ita ƴar namiji ni ƴar mace, don haka a al'ada ita ce uwargijiya ni ce baiwa. Tsakanin taubasai duk abin da aka yi wasa ne. Za ta iya zagina, ta ƙwace mini abinci a hannu, wanda ya yi fushi shi ne ya ji kunya. Kafin su fita ta leƙa ɗakin tsohuwa inda nake kwana, ta fito da kwalbar man tana ɗaga ta a rana. Ta ce, "Gwaggo za ta ji daɗi. Zan ce mata ni na kaɗa."

Ban yi kuka ba. Na zaga bayan gida wajen maruƙa na zauna a kan turke. Ban taɓa sanin mutum zai iya jin zafi har cikin haƙoransa ba sai ranar. Na tuno duk abin da ta taɓa yi mini: ƴar tsanar da ta jefa a rijiya muna ƙanana, littafina da ta yage bangonsa ta yi fifita. Duk an ce wasa ne. To, na ce a raina, wasan ai ba nata ba ne ita kaɗai. Abin da ya rage in gano inda zan kama ta, ta yadda ba wanda zai iya buɗe baki ya ce na yi laifi.

Ita ta kawo mini kanta da kanta. Washegari da hantsi ta shigo ta cire ɗankwali ta ce, "Baiwata, kitso. Irin na ƴan Magaria nake so, ƙanana, don ƴan Gidimuni su san an yi baƙuwa."

Na iya kitso. Matar da nake zaune gidanta a Magaria ta koya mini, kuma hannuna ba ya gaggawa, tsagata ba ta karkacewa. Ina kallon kanta sai abubuwa biyu suka faɗo mini, waɗanda kowace mace a ƙauyenmu ta sani. Na farko, hannu biyu ba sa kitsa kai ɗaya. Wadda ta fara ita ke ƙarasawa, in ba haka ba ana cewa mai kan ba za ta ga da kyau ba. Na biyu, yarinya ba ta kusantar babban ruwa da gashi a tsefe, don mutanen ruwa da gashi suke ja. Da mushe ya ji da ya yi dariya, ni ma ban yarda da ko ɗaya ba. Amma matar Kawu ta yarda da su kamar yadda ta yarda wuta na ƙuna, kuma ita nake bukata.

Na ce, "To, ranki ya daɗe."

Tafiya ranar Asabar ce da hantsi. Ranar Alhamis ɗin na tsefe mata tsohon kitso. Juma'a na wanke kan na shafe shi da mai, na ce a bar shi ya sha iska. Da la'asar ta ce in fara. Na ce, "Kina so ki isa Gidimuni da kitson kwana? Ki kwanta a kansa ya baje? Bari sai gobe bayan asuba, ki hau mota da shi yana ƙyalli." Ta yi tunani kaɗan ta ce gaskiyata, ashe boko yana da amfani.

Asabar gari na wayewa ina gidan Kawu. Na zo da ƙullin kayana a ƙarƙashin mayafi, na ajiye shi a kan turmi na zauna a kai kamar matashi. Ba wanda ya lura. Taubashiyata ta zauna a ƙasa tsakanin ƙafafuna riƙe da ɗan madubi, na ɗauki matsefi na tsaga daga kunnen dama.

Ban taɓa yin kitso mai kyau kamar na safiyar nan ba, har yau. Kowane layi siriri kamar zaren saƙa, kuma kowane na kai ƙarshensa sai in naɗe shi da baƙin zare in ƙulle tamau, in sake ƙullewa. Matan da ke wucewa rijiya suna tsayawa suna cewa tubarkalla. Matar Kawu ta leƙo daga madafa ta ce, "Allah ya yi miki albarka, ƴar nan, ba ki da riƙo."

Mai kan kuwa bakinta bai huta ba. "Kada ki damu, baiwata. In Gwaggo ta juye man zan ciko miki kwalbar da ruwan tafki, ki zauna ki yi ta kallo." Can kuma, "Wayyo, a hankali mana, kan ƴar sarki kike riƙe." Na ce, "Yi haƙuri, ranki ya daɗe, kyau sai da zafi."

Ina jin Kawu a waje yana ɗaura wa shanu karkiya, ana ɗora buhu. Rana ta hau kan danga. Na kai tsagar tsakiyar kai daidai, na ƙulle zaren ƙarshe na ciza shi. Gefen dama ya kwanta lumui, gefen hagu yana tsaye buzu-buzu kamar sheƙar ungulu. Na goge hannuna da zane, na ajiye matsefi a cinyarta.

Na ce, "Baiwa ta gaji, ranki ya daɗe."

Ta ɗauka wasa ne na ɗan lokaci. Matar Kawu ma ta yi dariya ta ce in daure, rana na yi. Da suka ga na naɗe hannu a ƙirji sai dariyar ta tsaya. Kawu ya leƙo ya ce, "Me ake jira ne? Direba ba ya jiran kowa." Ya dubi kan ƴarsa, ya dube ni. Ya ce, "In kika ci gaba yanzu, yaushe za ki gama?"

Na ce, "Azahar, Kawu." Gaskiya kuwa na faɗa.

Matar Kawu ta ruga ta kira makitsiyar unguwa, wata tsohuwa mai saurin hannu. Ta zo ta juya kan hagu da dama, ta ce, "Wa ya fara?" Aka nuna ni. Ta ce, "To ita za ta ƙarasa. Ni ban sa hannuna a kan ƴar mutane wani abu ya same ta a ce ni ce ba." Matar Kawu ta ce to a tsefe wanda aka yi, a sake gaba ɗaya. Tsohuwar ta ja ƙulli ɗaya da farce, ta sake ja, ta dube ni ta gefen ido. Ta ce, "Wannan ɗaurin, ko mu uku muka taru a kansa sai rana ta karya."

Taubashiyata ta fizgi ɗankwali ta ɗaure kanta ta ce haka za ta tafi, wa zai gani. Uwarta ta riƙe ta a damtse. "Ki je bakin wannan ruwa da rabin kai a sake? Ba ƴata ba. Wallahi ba inda za ki." Nan ta fashe da kuka, ta ce mini muguwa, mai baƙin ciki, shiru-shirun macijiya. Uwarta ma ta juyo kaina idonta ja wur, ta buɗe baki. Sai makitsiya ta ce, "A'a, a'a. Ba taubasai ba ne? Wasa ne, ba a shiga." Matan da suka taru a bakin danga suka ɗauka, "Wasa ne, wasa ne," suna riƙe ciki. Matar Kawu ta haɗiye maganarta, na ga wucewarta a maƙogwaro. Na tsaya na kalli kan nan da kyau, gefen da na gama da gefen da na bari, don ina so in riƙe shi a idona. Daɗin da na ji a lokacin bai ragu ba har yanzu da nake rubuta wannan.

Amma ba a gama ba. Kawu ya girgiza kai ya fita, na ji ya hau amalanke ya yi wa shanu tsawa. Bai kira ni ba. Tsohuwa ba ta dawo daga Dogo-Dogo ba, mahaifiyata tana gida, ko tana nan ma ba za ta ce komai ba. In na tsaya jiran mai yi mini magana, amalanke zai sha kwanar masallaci, ni da ita mu yi zaman kaka tare.

Na ɗauke ƙullina daga kan turmi na bi shi da gudu. Na sha gaban shanun na tsaya. Maza suna zaune a gindin tsamiya suna kallo, muryata ta fito ƙarama kamar ba tawa ba.

Na ce, "Kawu, ina so in je."

Ya dubi ƙullin, ya ga an ɗaure shi tun ba yau ba. Ya waiwaya gidansa inda kukan ke tashi har yanzu. Gemunsa ya fara motsi, ya danne dariya, ya kasa. Ya matsa gefe, ya kama hularsa da hannu biyu ya danna ta har kunnuwa.

Ya ce, "Hau, ja'ira. Amma can baya za ki zauna, nesa da kaina."