Tsohuwa da Jirgin Ƙarfe Huɗu

Mai tuta ya san duk masu zuwa ƙaramar tashar jirgin ƙasan nan, amma wannan tsohuwar baƙuwa ce. 'Yar guntuwa ce, tabaraunta ɗaure da zare ta kunne ɗaya. Ba jaka, ba tikiti, sai yarinya a goye. Kaka ce dai, daga jin tsiyar da take yi mata: "Nauyi kamar buhun siminti!"

"Iya," in ji mai tuta, "na ƙarfe huɗu ba ya tsayawa a nan fa."

"Na sani, ɗan nan. Wa ya ce maka shiga zan yi?"

Ta sauke yarinyar can jikin katanga, nesa da layin dogo, tana goge mata hanci da bakin zane. Mai tuta yana ta saƙe-saƙe: ko ɗanta ne direban, aiki ya raba shi da gida wata da watanni?

Ga jirgi nan tafe, ƙasa na girgiza. Tsohuwa ta tsai da yarinyar, ta ja da baya, ta miƙa hannuwa.

"Taho, nuna wa babanki! Kar ki ba ni kunya!"

Yarinyar ta yi taku ɗaya, ta ƙara, a na uku sai daɓas a ƙasa.

Hon ɗin jirgin ya tashi, ya ƙi yin shiru har jirgin ya ɓace.

"Ya gani kuwa?" tsohuwar ta tambaya tana haki.

"Iya, shekarata goma a nan, bai taɓa yi mini irin wannan hon ba."

Ta saɓa jikarta tana dariya. "Yo kai jiya ka fara tafiya?"