Gola da Ƙaninsa Dogo

Duk garin Gola ake kiransa, ko da yake ciwon gwiwa ya raba shi da tsaron raga tun gemunsa bai yi furfura ba. Mai walda ne, shagonsa yana kallon filin wasa. Da can wurin juji ne da ramuka. Shi da abokansa suka cike ramukan da baro, shi kuma ya haɗa turakun raga da tsofaffin bututun ruwa. Shekara da shekaru in aka ce fili, ƙwallon ƙafa ake nufi, kuma sunansa ne a bakin 'yan kallo.

Sai ƙaninsa Dogo ya bar aikin soja ya dawo gida. Ya roƙi hukumar gari kusurwa ɗaya, aka zuba siminti, ya fara koyar da ƙwallon kwando. Kafin a ankara malaman makaranta sun ɗaura ragarsu ta ƙwallon raga a wani gefen, 'yan tsere sun zagaye filin da farin layi, masu koyon mota ma suna zuwa da safe. Wurin ƙwallon ƙafa ya tsuke, 'yan kallo suka koma wajen Dogo.

"Wannan ma wasa ne?" in ji Gola. "Ƙarti suna jefa ƙwallo a kwandon da ba shi da gindi!"

Abin da ya fi ci masa rai, autarsa ta shiga ƙungiyar Dogo. A gida ba ta da zance sai Baffa ya ce, Baffa ya nuna mana.

"Baban yara, ƙaninka ne fa," matarsa ta ce.

"Na ce ba ƙanina ba ne? Ni na goya shi."

Ranar da 'yan matan wani gari suka zo karawa, ya zauna a shago ya kunna inji yana goge ƙarfen da ba ya bukatar guga, don kada ya ji ihu. Ihun ya fi ƙarfin injin. Ya tsallaka titi da tabarau na walda a goshi, ya tsaya can baya.

Yana isa autar ta fizge ƙwallo, ta wuce mutum biyu, ta zura. Wani baƙo ya taɓa shi.

"Ka ga 'yar kocin nan? Tsayin ubanta ta ɗauko."

"'Yata ce," Gola ya ce, amma mutumin ya riga ya juya yana tafi.

Da aka tashi, wajen Dogo autar ta fara rugawa. Gola yana tsaye yana kallo. Can Dogo ya hango shi, ya jawo ta suka zo.

"Yaya, ashe ka zo! Ka ga aikinmu?"

"Na gani."

Aikinmu. Kalmar ta tsaya masa a wuya har gida. Matarsa ta tare shi a bakin ƙofa tana tambayar yadda aka yi.

"Yarinya ta yi ƙoƙari," ya ce yana cire takalmi. "Amma mai koyar da su bai iya tsara 'yan baya ba. Sa'a kawai ya ci."