Ranar da Na Rufe Gilashi a Bakin Ruwa

Da Allah zai ba ni damar in goge rana ɗaya cikin kwanakina, ba zan tsaya dogon tunani ba. Zan goge ranar da na rufe gilashin motata a bakin tafki, na gangara da baya, na fasa jirgin aminina. Jirgin nan mahaifinsa ne ya haɗa shi da hannunsa, kuma da shi yake ciyar da gidansa. Ba wanda ya sa ni. Ɗoki ne kawai irin na yara, ga ni kuwa furfura har gemu.

Motar tsohuwar akori-kura ce, fara, irin wadda yanzu in ta wuce sai matasa su zaro waya su ɗauke ta hoto. Na fi shekara talatin tare da ita. Ta ɗauki albasa daga fadamun Yauri, ta ɗauki shinkafa daga Shanga, amma aikinta na gaske kifi ne, kifin banda da busasshen warangi, 'yan ƙananan kifin nan, daga ƙauyukan bakin ruwa na ƙasar Ngaski zuwa kasuwa. Sitiyarinta sai ka ci ka ƙoshi kafin ka juya shi, kafaɗata ta dama har yau tana tuna min. Birkinta kuwa sai an taka sau uku. Na farko ya nutse kamar ka taka laka, na biyu ya ɗan yi nauyi, na uku ne yake kamawa. Na saba da shi har ƙafata ta daina shawara da ni. Zafin cikinta ba sai na faɗa ba, duk wanda ya yi bazara a Yauri ya san yadda riga take manne wa mutum tun hantsi.

Aminin nawa Bagunge ne, wato daga ƙabilar Gungawa, masunci, ya girme ni da shekara biyu. Ni ina ce masa ɗan ruwa, shi yana ce min ɗan tudu. A mashigar ƙauyensu, in ruwa ya ja baya da bazara, sai ya bar gangara mai tsawo, kuma dole mota ta sauka da baya har kusa da jirage don a yi lodi. Ba a yin wannan da madubi. Da murya ake yi. Direba ya sauke gilashi ya leƙo da kai, mai jirgi ya tsaya daga gefe da gungumen icce a hannu yana kira. Shi aminina ya san halin birkina fiye da kowa, saboda haka tun da sauran tazara yake ɗaga murya ya ce, "Fara takawa!" In taka ɗaya, biyu, uku, motar ta tsaya, shi kuma ya cusa gungumen a bayan taya. Shekara da shekaru haka muke yi, ko tulu ba mu taɓa fasawa ba.

Sai ga wani bakanike ya dawo gida daga Kaduna ya buɗe gareji a Yelwa. Dattijo ne shi ma, mai ƙarancin magana, ya ƙware wajen dasa kayan sababbin motoci a jikin tsofaffi. Ranar da na kai masa motar don ɗan gyara, ya saurari injin, ya zagaye ta sau biyu, ya ce, "Alhaji, wagga motar taka ta hi na yara da yawa lahiya. In ka yarda in sa mata sitiyari mai mai, da yatsa guda za ka juya shi. In canza birkin gaba zuwa mai faifai. In sa mata esi."

Na ce, "Esi? Abin sanyi irin na motocin manya? A cikin wannan?"

Ya ce, "A cikin wagga."

Wallahi daga nan ban ƙara jin sauran maganarsa sosai ba. Na koma gida ina dariya ni kaɗai a hanya. Amma abu ɗaya na ji sarai, ba zan yi ƙarya ba. Ya ce kayan sitiyari da na esi suna nan a hannu, na birki kuwa sai sun iso daga Kaduna, kamar mako biyu. Ya ce in bar motar a gareji har a haɗa komai, domin birki shi ne gaba. Na ce masa ni da birkin nan mun san juna tun kafin ya buɗe gareji. Ya dube ni ya ce, "To, Alhaji, motarka ce."

Kwana shida na yi ina zama a benci a garejin nan tun safe. Na ga an cire tsohon akwatin sitiyari, baƙi ƙirin, mutum biyu suka ɗaga shi. Na ga an ɗaura ƙaramin famfo a gefen injin, an ja masa bel, an bi da tiyo biyu, an zuba jan mai. Da bakanike ya ce in shiga in gwada, na kama sitiyarin da hannu biyu kamar yadda na saba, na yunƙura da ƙarfi, sai ga shi ya juya har ƙarshe, na kusa buga kaina a ƙofa. Duk garejin aka fashe da dariya, ni na fi kowa. Na sa yatsa guda na juya hagu, na juya dama, na sake, har bakaniken ya ce in tausaya wa tayoyi.

Ranar esi kuwa ba a magana. Sai da aka huda wuri a ƙarƙashin gaban mota, aka ɗaura kwamfiresa, aka sa wani abu kamar ƙaramin lagireto a gaban babban, aka canza robar ƙofofi da ta mutu, aka ɗura gas. Muka shiga ni da bakanike muka rufe. Ya murɗa ɗan maɓalli. Da farko iska mai ɗumi ce ta fito, gabana ya faɗi. Can sai na ji sanyi ya taɓa min gwiwa, ya hau ƙirji, ya shiga cikin riga. A tsakiyar bazara! Na ce, "Allahu akbar!" Na cire hula na tara kaina.

Na wuce gida na ɗauko mai ɗakina. Ta shiga tana mita wai na raba ta da tukunya, ba mu kai bakin titi ba ta ja mayafi ta ƙudundune. Ta ce, "Malam, wannan ai Jos ka kawo mu." Muka tafi har Shanga muka dawo, ba kaya ba dalili. Duk wanda na sani a hanya sai na tsaya in ce ya miƙo hannu ya ji.

Mutum ɗaya ya rage, kuma shi na fi so ya ji. Aminina bai taɓa shiga mota mai sanyi ba. Na riga na tsara komai a raina: zan isa mashiga da rana tsaka, in buɗe masa ƙofa, in ce, "Ɗan ruwa, shigo ka ji abin da 'yan tudu suke ji." Saboda haka ranar kasuwarsu, tun daga Wara na rufe gilashi ruf, na murɗa esi har ƙarshe, ina tara masa sanyi. Da na iso kan gangara na hango shi a ƙasa, gungume a hannu, jirginsa a bayansa an ja shi rabi kan yashi, cike da kwandunan banda. Hannuna ya kai kan mariƙin gilashi. Na tuna wannan sarai. Sai na ce a raina, in na sauke, sanyin zai fita. Na janye hannu, na sa ribas.

Ya kira. Kowa ya shaida ya kira, har sau uku, har mata masu banda suka taya shi. Ni ina ciki ban ji komai ba sai hurar iska da ƙarar injin. Da na ga ruwa ya cika madubi na taka birki, ya nutse. Na sake takawa. Cikin firgita na fizgi sitiyari da ƙarfin da na saba, na manta yanzu yatsa guda ya ishe shi, bayan motar ya karkata gaba ɗaya zuwa wajen jirgin. Taku na uku ya kama, amma bayan na ji ƙarar katako. Aminina tsalle ya yi gefe, Allah Ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo.

Na fito na zagaya baya. Gefen jirgin ya tsage tun daga hanci har tsakiya, banda tana yawo a kan ruwa. Mutane suna ta salati. Shi bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya durƙusa ya shafa katakon, sannan ya ɗago ya ce, "Mi ya hana ka sauke gilashi?"

Na ce, "Sanyi nake tara maka."

Ya miƙe tsaye. Ya ce, "To, na gode." Ya juya ya shiga tsintar kifi.

Washegari na mayar da motar gareji na aje makulli a gaban bakanike. Ya zaro kujera ya ba ni. Da kayan suka iso aka sa faifai a gaba, aka sa sabon takalmin birki a baya, aka canza bututun mai duka, aka gyara birkin hannu da ya shekara goma a mace. Taku ɗaya, ta tsaya cak. Duk da nauyin da ke zuciyata sai da na yi ihu, don ban san haka mota take tsayawa ba.

Aminina ya yi kusan wata biyu yana bin jirgin ƙanensa, yana karɓar abin da aka raba masa, mutumin da tun yana saurayi yake da nasa. Masu haɗa jirgi sun duba tsohon suka ce katakon ya tsufa, ba zai ɗinku ba. Na je gidansa sau uku ina roƙon ya bar ni in ɗauki nauyin haɗa sabo. A na ukun ya ce, "Katakon dai ni za ni zaɓa. Ɗan tudu bai san icce ba." Da na ji ya ce ɗan tudu, sai da na juya na share ido.

Muka tafi Yelwa ɗauko katako, ita ce shigarsa motar ta farko tun da aka sa esi. Na kunna masa esi ina satar kallonsa. Da muka yi kamar tafiyar mil biyu, sai ya ce, "Wanga abu shi ne ka kashe min jirgi a kansa? Kashe shi, gwiwata na ciwo. Sauke gilashi in ji iskar Allah." Muka yi dariya har na tsaya a gefen hanya, da taku ɗaya.

Sabon jirgin yana kan ruwa yanzu, ya fi tsohon girma. Amma hancin tsohon yana rataye a zaurensa, kuma duk na shiga sai idona ya kai wurin. Har yau shi yake kira min in na gangara, yana kuma cewa "Fara takawa!" ko da yake ya san ba a bukata.

Motar ina jin daɗinta ƙwarai, ban yi nadamar gyaran ba, kuma duk mai tsohuwar mota ina ba shi ƙarfin gwiwa ya yi. Roƙona dai, don Allah, kada ku bi tsarin da na bi. Ku fara da birki, ko da za ku jira wata guda. In kuma kun zo wurin da mutum yake tsaye a bayanku yana kira, ku sauke gilashi, sanyin ya fita.